Shafukan katun na shafa kala: hannu yana ƙaruwa, karatu kuwa sai da mai zama kusa

Na jima ina sauke shafukan zanen katun daga intanet, ina buga wa yarana a firinta su shafa musu kala. Zane ne na layi zalla, baƙi a kan fari: mage da hula, mota mai ido da baki, jarumi yana tashi sama da mayafi. Masu yin su kan yi musu kirari da cewa wasa ne kuma karatu ne. Batun wasa babu ja a kai. Na karatun ne nake da magana.

Inda na fi ganin amfaninsu shi ne a hannu. Autarmu mai shekara uku dunƙule fensirin kala take yi a tafin hannu, ta yi ta dirzawa tun daga kafaɗa, kunnen mage da sararin sama duk su zama ja. Yayarta mai shekara shida kuwa da yatsu uku take riƙewa, babba da manuni da na tsakiya. Sai ta fara bin gefen layi a hankali, harshe a waje, kafin ta cike tsakiya. Wannan riƙon shi ne na rubutu, kuma yawancin yara sukan zauna a kansa ne tsakanin shekara 4 zuwa 6. Don haka ba na takura wa ƙaramar a kan fita layi, lokacinta ne bai yi ba. Dabara ɗaya da ta yi mini aiki: guntun kala da ya karye ya fi sabo dogo amfani a wurinta, domin ba shi da tsawon da za a dunƙule, dole yatsu su kama.

Shafukan ba su zama ɗaya ba. Mai kyau shi ne mai layi mai kauri da fili mai faɗi. Wasu an cika su da ƙananan kwana-kwana da ko babba sai ya sa tabarau, yaro ya fara da zumuɗi, kafin ya gama takalmin jarumi ya ture takardar. Wasu kuma hoton allo ne aka ɗauko, a waya ras, a takarda dishi-dishi. Na PDF sun fi fitowa tsaf. Da yawa an tsara su ne a kan girman takardar Amurka, wadda ta fi A4 faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba, in ba a zaɓi daidaita hoto da takarda ba kafin a buga, sai gefe ya yanke. Takardar firinta mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita ta wadatar ga fensir da kireyon, amma maka, wato alƙalamin kala mai tawada, tana ratsa ta har teburi, ita sai giram 120 zuwa sama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maɓallan saukewa na bogi da tallace-tallace da suka dabaibaye wasu shafukan. Kada a bar yaro ya nemo da kansa.

To, karatun fa? An buga harafi ɓaro-ɓaro a saman shafi, amma in aka bar yaro shi kaɗai, shafe shi zai yi da kala kamar yadda ya shafe wutsiyar mage, bai san ma harafi ba ne. Abin yana zama darasi ne idan na zauna ina jan su da hira. Tayar motar nan nawa? Wa ya fi girma, giwa ko ɓera? Ranar da babbar ta ɗora shuɗi a kan rawaya ta ga kore ya fito, da gudu ta zo: "Mama, duba, ni na yi wannan kalar!" Shafin ba shi ya koya mata ba, wurin gwaji kawai ya ba ta. Masu lamba a kowane gurbi, inda 1 ke nufin ja, 2 shuɗi, su ne na ga suna koyar da wani abu ko babu kowa kusa.

Akwai kuma wata tsohuwar suka. Viktor Lowenfeld, masanin koyar da zane haifaffen Ostiriya wanda ya koyar a Amurka, ya fitar da littafinsa a 1947, ya kuma yi fice wajen adawa da irin waɗannan shafuka. A ganinsa suna sa yaro ya dogara da zanen wani, ya raina nasa. Na ɗauka ya cika zafi, sai da na miƙa wa babbar farar takarda ta ce, "Ni ban iya ba, ki bugo min." Yarinyar da a da take zana mu duka da manyan kawuna da ƙafafu kamar tsinke! Yanzu duk shafin da aka gama sai a juya bayansa, ta zana gidan magen ko inda motar za ta. In ta yi giwa shunayya kuma, ba na cewa uffan.

Na gwada manhajojin waya masu irin wannan aiki, inda ake taɓa gurbi kala ta cika shi nan take. Babu abin da yatsu ke koya a nan, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a gaban allon waya ko talabijin a rana. Takarda ta fi, ko da yake in hoton na katun ɗin da suke kallo ne, ƙarshenta kunna shi za a ce a yi. Shi ya sa na koma buga dabbobi da motocin da ba su sani a talabijin ba.

Mai ƙaramin yaro ya duba kwalin kala ya ga alamar EN 71 ko ASTM D-4236, wato alamun bin ƙa'idojin kiyaye lafiya na Turai da na Amurka, domin baki za a kai ta, ya kuma ɓoye murfin maka daga ɗan ƙasa da shekara uku. Zan ci gaba da bugawa, amma shafi bibbiyu nake ba su, don in an zube musu tuli, kowanne layi biyu za su ja a kai su ce sun gama.