Wasiƙa daga Nagoya, Garin da Ba a Taya Kaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da su Inna da yara. Ya kasuwa? Ka daɗe kana tambayata yadda zaman nan yake, ni kuma kullum sai in ce maka lafiya lau mu yi sallama. Yau Lahadi babu aiki, bari in zauna in warware maka, tunda na cika shekara biyu a Nagoya, nan ƙasar Japan.

Garin babba ne, mutanensa sun haura miliyan 2, kuma arzikinsa a kan mota ya dogara. Hedkwatar kamfanin Toyota tana wani gari nan kusa, shi ma sunansa Toyota, daga tashar jiragen ruwan Nagoya kuma ake lodin motoci zuwa ƙasashen duniya. Wajen aikinmu ba shi da nisa da tashar. Tsofaffin motoci muke kwancewa, mu ciro injin da giya da fitilu mu jera a kwantena. Ka tuna yadda muke mamaki a Ƙofar Ruwa, in an sauke injin ɗan Japan a gan shi kamar ba a taɓa tayar da shi ba? Na ga dalilin da idona. Doka ce a kai mota binciken lafiya, sabuwa bayan shekara 3, daga nan kuma duk shekara 2, ga haraji ga inshora a lokaci guda. Mai motar sai ya yi lissafi ya ga gara ya rabu da ita ya ɗauki sabuwa. Wallahi na sha ɗaga bonet in ji hannuna ya yi sanyi, don motar da za ta yi shekara goma tana jigila tsakanin Kano da Katsina ce aka ce in farfasa. Sitiyarinsu a dama yake, a hannun hagu suke tuƙi, saɓanin namu na gida, shi ya sa kayan cikinta kawai ke iso muku.

Abin da ya fi ba ni wuyar sabo shi ne sayayya. Ba a taya kaya, Yaya. Kuɗin da ka gani a manne shi ne kuɗin, har da harajin kashi 10 cikin ɗari a ciki, ko kashi 8 in abinci ne. Da sanyi ya shigo a shekarata ta farko na je unguwar Osu, inda ’yan gwanjo suka fi yawa, na ga wata rigar sanyi mai kyau na ce a rage mini. Matar ta rusuna tana ba ni haƙuri, har fuskarta ta nuna na sa ta cikin kunya. Amma kafin ta miƙo mini rigar sai ta juya hannunta ta nuna mini wani ɗan tabo da ni ban ma lura da shi ba, ta ce saboda shi aka karya farashin tun farko. Wannan ya tsaya mini a rai. Babu “albarka”, babu “na sallama”, babu gyara, amma kuma ba za ka isa gida ka tarar an ɓoye maka aibu ba. Canjinka ko yen ɗaya ne (sunan kuɗinsu ke nan) sai an ƙirga maka shi, kuma in ka bar wa mai hidima wani abu a kan tebur, bin ka zai yi da shi har bakin titi.

Akwai ƙananan shaguna a kusan kowace kwana, irin su Lawson da FamilyMart da 7-Eleven, dare da rana a buɗe. A nan nake biyan kuɗin wuta da na ruwa, in ciri kuɗi, in yi hoton takarda, in karɓi saƙo. Sai dai duk daɗewarka kana zuwa, babu littafin bashi. Mai shagon layinmu da ke ba Inna sukari da madara ya ce sai ƙarshen wata, irinsa ban gani ba a nan.

Wuta kuwa, tun zuwana ba a taɓa ɗauke mana ita ba, har na manta ƙarar janareta. Ruwan famfo ake sha kai tsaye. Jirgin ƙarƙashin ƙasa in an rubuta 7:42 to 7:42 ɗin ne, in kuma ya yi latti ana ba da takardar shaida ka nuna a wajen aiki. Jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu yana kai mutum Tokiyo cikin kamar awa ɗaya da minti 40, amma kuɗinsa ya haura yen 10,000, sau ɗaya na taɓa hawa.

Abinci ne inda gizo ke saƙar. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, kuma a 2025 ta yi tashin da kilo 5 ya wuce yen 4,000, su kansu ’yan ƙasar sai da suka koka. Mangwaro ɗaiɗai ake sayar da shi a naɗe cikin raga kamar ƙwai, ni da na bar shi yana ruɓewa a gindin bishiya. Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar halal. Harafin farko da na haddace a rubutunsu shi ne na alade, don kitsensa yana shiga burodi da miyar taliya har da alewa, kayan haɗin miyarsu da yawa kuma akwai giya a ciki. Nakan yi minti goma a tsaye ina haska bayan leda da waya, a ƙarshe in mayar da ita. Nama sai ranar Juma’a in na je masallacin Nagoya, in biya shagunan ’yan Pakistan da Bangaladash in sayi daskararre, kaza daga Barazil, na rago daga Ostareliya. Ba ya kama ƙafar wanda mahauci ya yanka da safe.

Haya ma na sha wuya. Ban da kuɗin ajiya, wasu masu gidan suna karɓar wani kuɗin godiya da ba ya dawowa, kuma sai ka kawo mai tsaya maka. Gida uku aka hana ni da aka ji baƙo ne, dillalin yana ta rusunawa yana ba ni haƙuri. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Shara kuwa kowace iri da ledarta da ranarta, in ka cakuɗa sai a manna mata takarda a bar maka abarka.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni. Na je asibiti da katin inshora, kashi 30 cikin ɗari na biya, magani kuma mai kyau ne. Amma kwana huɗu ina kwance babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, maƙwabcina da bango kawai ya raba mu ko sunansa ban sani ba. Kunun tsamiyar Inna na dinga tunawa. Kada ka faɗa mata, na warke sarai.

In za ku haɗa mini saƙo, a sa kuka da yaji da daddawa. Kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi. Ka turo mini jerin injinan da ake nema a kasuwa kafin mu rufe kwantena ta gaba. A gaida Inna da kyau.