Wane Sil Ɗin Bawul Ya Dace da Tsohon Inji?

Motar da ke fitar da shuɗin hayaƙi idan an tayar da ita da safe, ko bayan ta daɗe a silo, sannan ya ɗauke da an fara tafiya, galibi sil ɗin bawul ne, wato 'yar robar da ke hana mai bin sandar bawul, ya bushe, baƙin mai yana bin sandar bawul yana zuba cikin silinda. Idan kuwa hayaƙin ba ya yankewa, a fara binciken ringin fistin.

Iri uku ake samu. Akwai ɗan zoben roba na tsofaffin injinan Chevrolet, akwai mai siffar lema da ke hawa da sauka tare da bawul, sai mai kamawa, wanda ke zaune daram a kan gayid, wato bututun da sandar bawul ke hawa da sauka a cikinsa, yana share man. Na ukun ya fi tare mai, amma tof silindar (wato kan inji) da ba don shi aka ƙera ta ba sai an rage bakin gayid da injin yankan ƙarfe kafin ya shiga. In ba za a sauke tof ba, a sayi irin wanda aka cire.

A wajen roba ne ake yawan tafka asara. Nitiril ya fi araha, sai dai zafi na wuce digiri 120 a ma'aunin Celsius yake fara taurarewa ya tsage, kuma ɓangaren salansa ya fi jin jiki. Viton yana jure kusan digiri 200, shi ne zaɓinmu, domin kuɗin aikin ya ninka na sil ɗin nesa ba kusa ba. Teflon ya fi su jure zafi, amma ba shi da taushi, ba ya bin sandar da ke lilo.

Lilon nan abin dubawa ne. Cire sifirin, ka girgiza sandar bawul gefe da gefe. Idan tana motsi sosai, gayid ya cinye, sabon sil kowane iri ne ba zai yi ƙarko ba.

A auna kaurin sanda, ko milimita 6 ce, 7 ko 8, da faɗin gayid. Inji mai silinda huɗu galibi yana cin sil 8 ko 16, kuma a wasu motocin na shigar iska daban yake da na salansa. A nemi saitin da ke da ɗan hular leda ta ɗaurawa. Babu ita, tsagin saman sanda zai yanke leɓen sil tun wajen sakawa.