Gilashin duba sulalla da littafin ajiyarsu: ɗaya ya biya ni, ɗaya bai yi ba

Masu tara tsofaffin kuɗi yawanci mai ƙyalli suke nema, wanda ko hannu bai taɓa shi sosai ba. Ni kuwa nawa daban ne, waɗanda suka siɗe nake bi, da masu lanƙwasa, da waɗanda wani maƙeri ya taɓa liƙa musu kunne don a rataya a wuya, irin waɗanda zaka gani a cikin kwano a gefen shagon masu kayan da a kasuwar Kurmi ba wanda yake ko kallonsu. Toh don su na yi odar wani saiti ta intanet, a ciki akwai gilashin ƙara girma mai ƴar fitila, da littafi mai aljihunan leda na jera sulalla, da wata ƴar kwalbar ruwa wai na wanke tsabar kuɗi. Na jima ina amfani da su, ga abin da na gani.

Gilashin dai wallahi ya biya kuɗinsa. Sau 10 yake ƙara girman abu, yana naɗewa ya shiga aljihu, kuma fitilar a gefe take ba a tsakiya ba, wannan shi ne sirrin, domin kwabon da ya siɗe in ka haska shi ta sama fes zaka ganshi ba komai, amma in hasken ya zo ta gefe sai ɗan sauran tudun rubutun ya yi inuwa sai kaga shekara ta fito. Ina da kwabo mai huda na zamanin Turawa da yawa, masu tauraro mai tsini shida a baya da kambin sarauta da rubutun Larabci a gaba, da can duk ɗaya nake ganinsu. Yanzu ina iya raba su har da inda aka buga kowanne, domin akwai wani mitsitsin harafi a jiki, H na nufin masana'antar Heaton ce a Bamingam, KN kuma King's Norton, wanda babu harafi kuwa yawanci na Landan ne. Da ido kawai ba zaka ga wannan a jikin kwabon da ya sha hannu ba ko da kuwa idonka garau yake.

Wanda ya fi faranta min rai wani baƙin kwabo ne da gefensa ya ɗan tauye, na sa shi ƙarƙashin gilashin sai ga 1936 da sunan Edward na 8. Sarkin nan bai cika shekara a kan gadon Ingila ba ya sauka a watan Disamba na 1936, a can ƙasarsu kuɗin da ke ɗauke da sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini (ɗaya bisa goma na kwabo) masu sunansa. Ba wai yana da tsada ba, an buga su da yawa, amma ka duba abin da ya yi ta yawo a kasuwanninmu ana sayen goro da kalanzir da shi.

Haka anini. Na 1907 da alminiyam aka yi shi, ana cewa shi ne farkon kuɗin alminiyam da aka kashe a duniya, sai dai bai jure ba, cinyewa yake yana fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, shi yasa tun 1908 aka koma haɗin tagulla da nikel. Saboda haka in ka samu na alminiyam duk ya cinye kar ka raina shi, cinyewar ita ce shaidarsa.

Abu ɗaya da zan ce game da gilashin, batirinsa irin ƙanana masu kamar maɓalli ne kuma ba ya daɗewa, sannan sai ka kawo shi daf da idonka sosai kafin hoton ya tsaya. Hannu yana sabawa.

Littafin kam gaskiya raina bai so shi ba. A ido yana da kyau, bango mai kauri, shafi-shafi kowane sule da aljihunsa, amma ledar irin mai laushin nan ce mai warin sabon labulen banɗaki, wato PVC, kuma duk wanda ya san harkar nan ya san in zafi ya buge ta wani maiƙo take fitarwa. Da zafin bazara ya shigo sai na ga kwabon 1959 na Tarayyar Najeriya da kobo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai sun fara wani kore-kore mai danƙo a jiki, su da suke tagulla, nan take na kwashe su gaba ɗaya. Mai sayarwar bai rubuta irin ledar a tallan ba, na tura masa saƙo kuma shiru. Ga shi aljihunan an yi su ne don kuɗi mai da'ira daidai, taro (kwabo uku) mai kusurwa 12 ya shiga lafiya, amma sule mai lanƙwasa ko babbar azurfar nan mai hoton Mariya Tireza ta ƙasar Ostiriya da shekarar 1780 da aka liƙa wa kunne sam ba sa zama, sai ka tura da ƙarfi ledar ta tsage. Yanzu kowanne a ƴar ambulan ta takarda nake sa shi in rubuta shekara da harafin a baya, in jera a gwangwani mai murfi nesa da damshi.

Ruwan wankin kuwa ban ma buɗe ba kuma ban ba kowa shawarar ya buɗe ba. Don Allah jama'a ku daina goge tsofaffin kuɗi da toka ko tsamiya ko lemon tsami ko man goge ƙarfe. Baƙin nan da ke jiki shekaru ne suka yi shi, shi ne ma yake fito da rubutun da ya rage, kana gogewa ka tafi da shi ka bar ƙarce-ƙarce, kuma ba ya dawowa. Abin yana min ciwo in na ga sulen azurfa na 1913 mai bishiyar kwakwar manja an dirje shi yana walƙiya don a burge mai saye. In ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsafta ya isa, a jiƙa a ɗauraye a shanya a kan tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba.

Wanda zai saya ya nemi gilashin shi kaɗai, mai ninki 10 da fitila a gefe, ana samunsa a wajen masu sayar da kayan gyaran waya da agogo. In kuma lallai sai littafi, a tambayi irin ledar tukuna, in mai laushi ce mai wari a bar musu kayansu.