Akwatin dainoso da na saya wa Sadiq, da abin da ya biyo baya

Tun kafin azumi ɗana Sadiq ya ishe ni da zancen dainoso, dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare, wai ɗan ajinsu yana da su har da mai ƙaho. Da Sallah ta matso sai na yi odar akwatin nan da ake ta talla a Instagram, mai dabbobin roba goma sha biyu da shimfiɗar leda, rabinta ƙanƙara rabinta kurmi. Kuɗin ba sai na faɗa ba, kun san yadda kayan wasan yara suka koma a Legas. An ce kwana biyu, sai da ya yi shida, kullum na kira mai kawowa sai ya ce gosulo ya riƙe shi a Oshodi. Daga Oshodi zuwa Agege kwana huɗu!

Ranar da ya iso yaran suka baje kayan a bakin get, daidai inda Baba maigadi yake dafa shayinsa. Kowace dabba da katinta na bayani. Sadiq ya ɗauko wata mai dogon wuya da baki mai faɗi kamar bakin shebur, ya ce in karanta masa. Na karanta: Nigersaurus, an tono ƙasusuwanta a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Nijar. Sai na ji Baba ya ajiye ɗan kofinsa.

"Malama, sake faɗi. Ina?"

Na maimaita. Ashe Baba mutumin wajen Agadas ne, shekara shida muna tare ban taɓa tambayarsa garinsu ba, abin kunya. Ya ce ya san wurin, sunan ma a yarensu yana nufin inda raƙuma suke tsoron shiga. Yana yaro ya bi ayarin gishiri, ya ga irin ƙasusuwan nan da idonsa a jere kan yashi, gaɓoɓin baya kowace kamar turmi, manya suna ce musu kada su taɓa. Ya karɓi robar yana jujjuya ta, ya kai ta kusa da ido. Na ci gaba da fassara masa katin: tsawonta mita 9, haƙoranta sun haura 500, ta rayu kusan shekara miliyan 110 da suka wuce, kuma sai a 1999 aka raɗa mata wannan suna. Da na zo inda aka ce a lokacin wurin koguna ne da ciyayi, har akwai wani mai bakin kada, Suchomimus, da yake kamun kifi a can, sai Baba ya yi dariya har rawaninsa ya zame. "Kifi a Tenere? Allah mai iko." Har aka kira magariba yana ba yaran labarin rijiyoyi da taurari, ba wanda ya nemi waya. A daren nan da an ce in ba akwatin maki, duka zan ba shi.

Washegari ne na zauna na duba ɓangaren ƙanƙarar, raina ya soma ɓaci. Katunan ba su da laifi. Na Nanuqsaurus ya ce a arewacin Alaska ya rayu, wajen shekara miliyan 70 baya, inda rana take ɓacewa na watanni, ga sanyi, amma dai wurin daji ne mai itatuwa. Na Cryolophosaurus, mai tukku a ka, ya ce a 1991 aka gano shi a wani dutse na Antaktika, kuma a zamaninsa can ma kurmi ne. To wanda ya zana shimfiɗar bai karanta ko ɗaya ba. Ya malala ƙanƙara fara fat, ya jera fengwin, tsuntsun nan da ba ya tashi sama, da farin beyar kafaɗa da kafaɗa, alhali ɗaya a kudancin duniya yake ɗaya a arewa, ko yau ba sa haɗuwa, balle da dabbobin da suka ƙare tun shekara miliyan 66. Ni da nake koyar da kimiyya a firamare, ɗana ya je aji yana rantsuwa dainoso fengwin yake ci.

Sannan da na ƙirga, goma sha ɗaya ne. Katin Leaellynasaura yana nan, 'yar ƙaramar nan ta kudancin Ostireliya mai manyan idanu, amma ita babu. Fentin ma bai yi sati biyu ba ya fara ɗayewa a hannun yara, danshin damina ya gama da shi. Na tura wa mai kayan hotuna ta WhatsApp, ta buɗe ta gani, shiru har yau. Ta dai ci gaba da ɗora sababbin kaya a sitatus.

Yanzu ma goma suka rage a akwatin. Sadiq da kansa ya kai wa Baba Nigersaurus, tana can a ɗakin get kusa da rediyonsa.