Wurin Baba mai tsofaffin littattafai a Sabon Gari

Shekara uku kenan ina zuwa wani ɗan shago a kasuwar Sabon Gari ta Kano, wurin wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, kuma gaskiya duk mai neman tsofaffin littattafan binciken kisan kai na Turanci ya kamata ya san da shi. Ni abin da nake tarawa kenan, ba na marubutan da kowa ya sani ba, na waɗanda aka manta da su, irin na Ingila tsakanin 1920 zuwa 1950.

Shagon ƙarami ne sosai, mutum biyu in sun shiga na uku sai ya jira a waje. Gaba duk littattafan makaranta ne da na jarabawa don su ne ke kawo masa ciniki, namu suna can ciki a kwalaye, ba tsari ba komai, sai ka durƙusa ka yi ta tono ƙura na shiga maka hanci, musamman lokacin hunturu. Abin da idona ke nema shi ne koren bango. Kamfanin Penguin da ya fara a 1935 launi ya raba wa littattafansa, ruwan lemo na labarai ne kawai, kore kuma na laifi da bincike, to da zarar na hango kore a ƙasan kwali gabana sai ya faɗi.

A nan na samu Freeman Wills Crofts guda biyu, mutumin Ailan da ya yi aikin injiniyan jirgin ƙasa kafin ya koma rubutu, shi ya sa jami'insa Sufeto French yake kama mai laifi da jadawalin tashin jirgi, minti biyar kacal sai ta tona asirin mutum. Amma wanda ya fi faranta min rai shi ne na E.C.R. Lorac, bugun Collins Crime Club, wato jerin littattafan laifi na kamfanin Collins, bangon ya sha jiki amma takardun lafiya lau. Da farko na ɗauka namiji ne, ashe mace ce, Edith Caroline Rivett, ta rasu 1958 bayan ta rubuta littattafai sama da 70, kuma Lorac ɗin ma Carol ne aka juya haruffansa daga ƙarshe zuwa farko. Yanzu British Library, babban laburaren Birtaniya, na sake buga wasu nata da sabon bango mai kyau, amma wallahi riƙe tsohon daban ne, har da hatimin laburaren wata makaranta a shafin farko.

Inda na ji haushi sau ɗaya ne. Na sayi wani, na kwana biyu ina bin labarin, an tara kowa a falo za a faɗi wanda ya yi kisan, sai na ga shafukan ƙarshe babu, gara ta cinye. Irin wannan littafi in ba ƙarshe ai ba littafi. Na koma na ce Baba ka ga abin da ya faru, ya karɓa ya juya shi ya ce ɗana ka yi haƙuri, ban lura ba, je ka zaɓi wani. Tun daga ranar da kansa yake buɗe bayan littafi ya nuna min kafin ya karɓi kuɗi, abin da ya sa na riƙe shi kenan.

Farashi ba tsada, bai taɓa ce min sama da naira 2,000 ba, kuma akwai ragi in ka ɗauki da yawa. Ka je da tsabar kuɗi don ba ya son tiransifa, ka je da safe kafin kasuwa ta cika. In ka kawo su gida kar ka jingina su da bango da damina, danshi ne ke jawo gara, ni a akwatin ƙarfe nake ajiye nawa.