Allurar Zoladex ta kwantar mini da ciwon, amma aljihuna ya fara gazawa

Allurar nan tana aiki, wannan ba na ja. Sama da shekara ke nan ina karɓarta saboda kansar furostat, wato ƙullun nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma ciwon ƙugun da ya hana ni zaman tabarma ya lafa, fitsarin da nake yi ɗigo-ɗigo ya saki, awon jinin PSA, wanda ake bin ƙarfin ciwon da shi, ya faɗo ƙasa sosai tun zagayen farko. Duk wanda likita ya rubuta wa ita, kada ya ɓata lokaci wajen masu tallar saiwa a tasha. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne sauran maganar, wadda mara lafiya ba ya saninta sai ta sauka a jikinsa.

Ni tsohon malamin makaranta ne, a Tawa nake zaune. Ko da aka gano ciwon a Yamai, ya riga ya taɓa ƙashi. Likita ya ce wannan kansa da sinadarin maza take rayuwa, wato testosteron, wanda kusan dukkansa daga maraina yake fitowa. In aka yanke mata shi sai ta ƙanƙance ta yi likimo, ko da ba ta mutu ba. Ilimin ya daɗe: Charles Huggins, wani likita a Amurka, ya nuna haka tun 1941, aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Hanya biyu likitan ya ajiye mini: allura, ko aikin cire ƙwayar maraina.

"Baba, duka biyun wuri guda suke kai ka," in ji shi. "Bambancin yana ga kuɗi, da kuma abin da zuciyarka za ta iya ɗauka."

Na zaɓi allura, mai miligiram 10.8 da ake yi duk mako 12. Akwai ƙarama, mai 3.6, ta wata-wata, amma mutumin da ke da tafiyar kilomita fiye da 500 tsakaninsa da likitansa, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, babbar ta fi masa. Ba ruwa ba ne a cikinta. Wani ɗan tsinken magani ne kamar ƙwayar shinkafa, ana cusa shi ƙarƙashin fatar ciki, ƙasa da cibiya, da allura mai kauri. Tana da zafi na ɗan lokaci, wurin kuma kan yi baƙi kwana kaɗan. Kafin ta farko an sa ni shan ƙwayar bikalutamid mai miligiram 50, na ci gaba da ita wasu makonni. Kada kowa ya raina wannan ƙwaya. A makon farko allurar takan fara ɗaga sinadarin kafin ta kayar da shi, kuma ga wanda ciwon ya shiga ƙashi, hakan na iya tsananta zafi, ya toshe fitsari, har ya danne lakar baya.

Illar da ta fi gallaba ta ita ce zafi mai tasowa. Kana zaune lafiya, sai ka ji wani turiri ya taso daga ƙirji ya hau wuya ya cika fuska, gumi ya karyo har ya jiƙa wuyan riga. Minti biyu ko uku ya wuce, sai kuma ɗari ya biyo baya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, nakan tashi cikin dare in iske matashin kai ya jiƙe sharkaf, in fita tsakar gida in zuba ruwan randa a ka. Ko cikin hunturu bai ƙyale ni ba. Na lura shayi mai ƙarfi da yaji suna tayar da shi, na rage su, na sami sauƙi kaɗan. Akwai kuma maganin da likita kan bayar in abin ya yi yawa, sai dai sai ka buɗe baki ka faɗa.

Bayan zafi sai kasala. Tumbi ya fito, cinya da damtse suka saki, tashi daga sujada ya koma sai na dafa ƙasa. Maganin yana siranta ƙashi, yana kuma iya ɗaga sukari a jini, shi ya sa nake awon sukari da hawan jini a nan Tawa, ina shan kalsiyom da bitamin D, ina tattaki bayan sallar asuba kafin rana ta yi ƙarfi. Tattakin ya taimake ni fiye da yadda na zata.

Sha'awa kuwa ta tafi, ƙarfin ma ya bi ta. Na faɗe shi ƙarara ne don na ga dattawa suna ɓoye wannan har gida ya ɗauki zargi. Ni na zaunar da uwargida na gaya mata daga magani ne. Ta ce, "Malam, ai numfashinka muke so." Da likitoci za su riƙa kiran matar mutum su yi bayanin a gabanta, da an rage baƙin ciki mai yawa a gidaje.

Inda na rage wa Zoladex maki shi ne kuɗi da samuwa. Allura ɗaya takan cinye fiye da fanshona na wata, ban da kuɗin mota da masauki, sai yara sun haɗa. An taɓa kai ni farmasi bayan farmasi a Yamai ana cewa ta yanke. Ga shi ba a son ta zauna a wurin da ya wuce digiri 25, don haka saye a ajiye a ɗakin kwano ba dabara ba ce. Kuma in lokacinta ya wuce da yawa, sinadarin na dawowa, ciwon ya farka. Na san wani da yake yin ɗaya ya tsallake ɗaya saboda rashi, yana shan illar maganin ba ya samun cikakken amfaninsa.

Ban da Zoladex akwai allurar Decapeptyl, wadda aikinta ɗaya ne da wannan. Akwai Firmagon, wadda ba ta fara ɗaga sinadarin, amma duk wata ake yin ta. Ƙwayoyin abirateron da enzalutamid kuma ƙari ake yi da su a kan allura ko aiki, ba maye gurbinsu suke ba.

Ga yadda na auna abin yanzu. Wanda ciwonsa bai yaɗu ba, za a haɗa masa da gashin haske, wato radiyoterafi, irin wanda cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara a 2021, allura ce tasa, domin ana yin ta wata 6 zuwa shekara 3 a tsaya, kuma ƙarfinsa na iya dawowa. Amma irina, da za mu sha har ƙarshen rai, aikin nan da muke gudu don kada a ce an dandaƙe mu bai cancanci wannan tsoro ba. Gajeren aiki ne, sau ɗaya, akan iya cire tsokar cikin maraina a bar fatar yadda take. Zafin da gumin da rashin sha'awar duk suna nan ko ta wace hanya aka bi, ni kuma na riga na ɗauke su. Abin da aikin zai sauke mini shi ne fargabar ranar da kuɗi ba za su haɗu ba. Mun yi shawara da uwargida da babban ɗana, kuma a zuwana na gaba zan roƙi likita ya sa mini rana bayan damina.