Kwana biyar a tsibirin Yas da yara uku da surukata

Ranar da Abban yara ya ce a Abu Dabi, babban birnin Daular Larabawa, za mu yi dogon hutu, kuma a watan Agusta, sai da na sake kallonsa. Agusta fa, lokacin da marka ta sauka a Kano, gari ya yi luf, har mayafi mutum yake ja da asuba. Shi ne za mu bar wannan ni'ima mu nufi inda masu garin ma guduwa suke yi. Ya ce ai gudun nasu shi ne ribarmu, don a lokacin kuɗin otal yake karyewa. Ban yarda ba sai da ya nuna mini farashin ɗaki ɗaya a Agusta da na Disamba. Haka muka tashi mu shida a hutun 2025: ni da shi, babban yaronmu mai shekara 14, 'yar tsakiya mai 10, auta mai 5, sai Hajiya mahaifiyar Abban yara, wadda gwiwa ke damunta amma ta ce ba za a bar ta gadin gida ba.

Yas tsibiri ne da ke kusa da filin jirgin sama na Zayed, tafiyar da ba ta kai minti ashirin a mota ba. Tun kafin mu isa babban yaron ya hango jan rufin Ferrari World ya fara ihu. Manyan wuraren wasa huɗu ne a tsibirin, kuma uku daga ciki a rufe suke ruf, ana sanyaya su kamar ɗaki. Wannan ne kaɗai ya sa hutun Agusta yake yiwuwa a can. Mu 'yan Kano muna taƙama mun san zafi, to zafinmu na Afrilu busasshe ne. Na can da laima yake zuwa daga teku. Ma'auni yana haura 40, kana fitowa daga mota tabarau ya yi hazo, kafin ka taka ƙafa ashirin hijabi ya manne a baya. Hajiya ta ce kamar an buɗe mata murfin madambaci a fuska, kuma ban ji wanda ya fi ta iya kwatanta shi ba.

Otal ɗin da muka sauka ba zan kama sunansa ba, saboda ina da ƙorafi. Mun biya ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, don Hajiya da 'yar tsakiya su kasance kusa da mu. Muna zuwa aka ba mu ɗaya a hawa na uku, ɗaya a na shida. Daren farko sau huɗu ina hawa lifta, maganin Hajiya, cajar waya, auta ya ce sai wurin kaka zai kwana, ya je ya ce ya fasa. Sai washegari da la'asar aka gyara, bayan Abban yara ya tsaya a gaban kanta ya ƙi motsi. Kuɗin wanki kuma ba a magana, na koma cuɗa kayan yara a banɗaki ina shanyawa a baranda, inda laima ta hana su bushewa. Amma gaskiya gaskiya ce, ɗakunan tsaf suke, akwai alamar alƙibla, akwai bututun tsarki a kowane banɗaki, butar da na cusa a akwati ko fito da ita ban yi ba. Abin da ya fi komai, kuɗin ɗakin ya haɗa da karin kumallo da tikitin shiga wurin wasa ɗaya a kowace rana. Da daban za mu sayi tikitin mutum shida sau huɗu, da lissafin ya ruguje, don dirhami ɗaya a lokacin ya haura naira 400. Duk mai niyyar zuwa ya fara tambayar wannan kafin ya tambayi girman tafkin wanka. Tafkin ma ba ya shiguwa sai rana ta yi sanyi.

Warner Bros. World muka fara shiga, wanda aka buɗe a 2018. Wuri ne da aka yi shi don ka manta akwai rana a waje. An zana sararin sama a jikin rufin, da gajimare da komai, har auta ya tambaye ni ko za a yi ruwa. Shiyya shida ce, kowace da yanayinta. Ɓangaren Gotham, garin Batman na fim, kullum dare ne, duhu da hayaniya, nan babban yaron ya ɓace mana awa biyu. Auta kuwa ganin Tom da Jerry suna yawo da ƙafafunsu ya sa ya ƙanƙame zanina, sai da Hajiya ta fara miƙa wa kyanwar hannu sannan ya yarda aka ɗauke su hoto. A cikin huɗun, nan ne ƙaramin yaro ya fi samun abin hawa, lilo da majaujawa da ƙananan motoci, kusan duk inda muka je sandar awon tsayi ta bar shi ya wuce. Mun je ranar Talata, layi bai taɓa wuce minti goma sha biyar ba, don haka ban ga dalilin sayen tikitin tsallake layi ba. A tuna cewa tun 2022 hutun ƙarshen mako a Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini, to a ajiye waɗannan ranaku don hutawa ko kasuwa.

Ferrari World na maza biyu ne a gidanmu, uba da ɗa. Shi ne mafi daɗewa, tun 2010, kuma abin da ake zuwa dominsa Formula Rossa ne, wani jirgin lilo da ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har tabarau ake ba mutum saboda iska da ƙura. Abban yara ya shiga yana cika baki, ya fito yana neman wurin zama, hularsa da ya bar mini a hannu ma sai da na tuna masa. Mu sauran mun kalli motoci, auta ya tuƙa wata 'yar ƙarama, kafin azahar mun gaji. Sa'armu wurin a haɗe yake da Yas Mall, muka sulale can ba tare da mun taka rana ba. Iyalin da yaransu duk ƙanana ne, rabin yini ya ishe su a nan.

SeaWorld ne ya ci kuɗinsa har da riba, kuma shi ne wanda na fi raina wa kafin mu je. Na ɗauka gidan zu ne na kifi, mu leƙa mu fito. Tun buɗe ƙofa muka shiga, ba mu fito ba sai dab da rufewa. A watan Mayun 2023 aka buɗe shi, gini ne mai hawa-hawa da shiyya takwas, kuma shi kaɗai ne ya riƙe mu duka shida ba wanda ya ce a tafi. Mun karɓar wa Hajiya keken turawa, da farko ta ce ita ba gurguwa ba ce, bayan awa ɗaya ita ke ba da umarnin inda za a juya.

Shiyyar farko tana ba da labarin Abu Dabi ne kafin fetur, lokacin da mutanen gaɓar ke nutso suna tsamo lu'ulu'u, sana'ar da ta mutu a shekarun 1930 bayan Japan ta fara noma nata. A nan ne muka tarar da wata dabba mai kama da buhun gero tana kiwon ciyawa a ƙasan ruwa. Ina ƙoƙarin karanta allon, an rubuta dugong, sai Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan ayu ne." Ta yi zaman aure a Yola shekaru, ta san labarinsa a bakin masunta na kogin Binuwai, da yadda ake neman mansa. Ba shi ba ne sak, ɗan uwansa ne na teku, jelarsa ma daban take, amma dangi ɗaya ne, kuma ta fi ni gaskiya. Minti ashirin muka yi a wurin tana ba jikokinta labarin da ni kaina ban taɓa ji daga bakinta ba, duk shekarun da na yi a gidan.

Daga nan sai babban tafkin da suke kira Endless Ocean, mai ruwa lita miliyan 25. Akwai wata taga ta gilashi doguwa, daga ƙasa har sama, kifayen shak da wasu masu faɗi kamar faifai suna wucewa ta saman kanka. Auta da bakinsa ba ya hutawa ya yi tsit. Hajiya tasbihi kawai take. Ɓangaren ƙanƙara kuma, inda tsuntsayen fengwin suke, sanyinsa na gaske ne, a tafi da rigar sanyi ko mayafi mai kauri. Mutumin da ya jiƙe da gumi da safe, ga shi yana rawar ɗari da hantsi. Akwai jirgin lilo ɗaya mai suna Manta wanda ya rufe bakin babban yaron da ke cewa wurin na yara ne. Wasan dolfin ya yi kyau, sai dai a je da wuri, kujerun gaba kuma a bar wa wanda bai damu da jiƙewa ba. Ni dai ina kallon dabbobin nan ina ɗan jin wani iri, halittar teku a cikin gini, duk girman ginin. Sun ce suna da cibiyar ceto da jinyar dabbobin ruwa a gefe, kuma ba su ajiye oka ba, wato manyan dabbobin tekun nan masu launin baƙi da fari. Hakan ya rage mini, bai cire duka ba.

Yas Waterworld shi ne kaɗai a fili, kuma na yi niyyar tsallake shi gaba ɗaya. Ban ga yadda zan yi ba da wanka a gaban maza, ga ƙasa da ke ƙona tafin ƙafa. Wata ma'aikaciyar otal 'yar Uganda ce ta ce mini akwai lokacin da ake ware wa mata zalla, ma'aikata duk mata, ba a ɗaukar hoto. Muka tafi da yamma ni da 'yar tsakiya. Rabona da shiga ruwa irin haka tun ina yarinya a rafin garinmu. Larabawa da ke rufe ruf da rana, ga su suna zamiya suna ihu kamar 'yan firamare, iyaye da kakanni. Na hau wata zamiya da ake shiga mutum shida a kan tayar roba, ta wulla mu cikin wani ƙaton mazurari, na kira sunan Allah da ƙarfi har wata dattijuwa da ke gefena ta riƙe hannuna tana dariya. 'Yata ta ce, "Umma, ashe kin iya ihu." Ranar matan tana sauyawa da lokaci, don haka a bincika kafin a yanki tikitin jirgi, in dai wannan na cikin abin da ake so.

Abinci shi ne ramin da kuɗi ke zurarewa. Ana duba jaka a ƙofa, ba a shiga da girki, kuma cin rana na mutum shida a cikin wurin wasa ya kusa dirhami 400, abin da bai wuce kaza da dankali da lemo ba. Komai halal ne, wannan hankali kwance, kuma kowane wuri da masallacinsa na maza da na mata, da wurin alwala mai tsabta. Dabarar da muka koma ita ce a cika ciki da safe, wake da ƙwai da gurasa, a yi ciye-ciye da rana, da daddare a ci shinkafa da nama a Yas Mall ko a sa a kawo. Garin kunun gyaɗa da yajin da na ƙulla su suka ceci Hajiya, don ta ce abincinsu ba shi da kai. Akwai motar Yas Express da ke zagaya tsibirin kyauta, mun hau sau biyu, amma jiran minti goma a wannan zafi da tsohuwa da ƙaramin yaro ya sa muka koma tasi mai kujera bakwai.

Kuskurenmu shi ne wuri huɗu a kwana huɗu a jere. A rana ta uku auta ya fara kuka ba dalili, ni ma ƙafata ta kumbura. Da zan sake, kwana shida zan yi, in bar yini guda ba a zuwa ko'ina, in maimaita SeaWorld. Abban yara ya ce mu jira Disney, tunda a watan Mayun 2025 aka sanar za su gina nasu a tsibirin. Na ce ya fara biyan bashin wannan tukuna.

Daren ƙarshe muka je masallacin Sheikh Zayed, shugaban ƙasar na farko, tafiyar kusan rabin awa. Shiga kyauta ne. Farin dutse, ƙubba 82, da shimfiɗar da aka saƙa da hannu wadda ido ba ya kai ƙarshenta, kabarin Sheikh Zayed ɗin kuma yana gefe. Muka yi magariba da isha'i a can. A mota na tambayi yaran abin da ya fi burge su. Babban ya ce Formula Rossa, 'yar tsakiya ta ce ihuna. Auta ya riga ya yi barci rungume da 'yar tsanar ayu da kakarsa ta saya masa dirhami 90, ita da ta yi mini faɗa a kan ruwan gora na dirhami 10.